Ina Wankan Jego Aka Yanke Mini Ɗiya

Da sunan Allah, Shi da ya ba ni ita kuma ya bar mini ita. Ni ba gwanar rubutu ba ce, iyakata sakandare, kuma har yau in na zo wasu wuraren sai na ajiye biro na je na leƙa ta tukuna. Wata ma'aikaciyar jinya ce ta ce mini in hankalina ya dawo jikina in faɗa wa mata abin da na gani, musamman masu cikin fari da za a mayar gida haihuwa. Hankalin bai gama dawowa ba, amma ina tsoron in jira.

Sunana Saratu. 'Yar Kekun Waje ce ni ta ƙasar Bungudu, aure ya kai ni Gusau. Maigidana malamin firamare ne, mutumin Tsafe. Da cikina ya tsufa aka mayar da ni gidanmu goyon ciki. Mun shirya da shi cewa a asibiti zan haihu, amma naƙudar ba ta ba da lokaci ba, sai Gwaggo Tumba, yayar Babana, ta karɓi haihuwar a ɗakin Innata. Ita ce ungozomar unguwarmu, ita ta karɓe ni ma. Na sami mace, mai gashi cunkus baƙi ƙirin.

Kun san yadda ake da ɗan fari. Uwa ba ta ɗaukarsa gaban manya, ba ta kallonsa, ba ta cewa nata ne. A gidanmu abin ya fi na ko'ina tsanani, don Gwaggo takan ce a zamaninsu sai an danne uwa kafin ta yarda ta ba ɗan fari nono. Ita ke yi wa jaririyar wanka, ita ke canza mata tsumma, a gefenta take kwana. Nawa kawai a miƙo mini ita a naɗe, in ba ta nono ina kallon bango, a karɓe. Kuma gaskiya abin bai dame ni ba a lokacin. Ƙawayena suna zuwa barka suna tsokanata, ina rufe fuska da mayafi ana dariya. In ɗakin ya zama ba kowa sai in saci kallon yatsunta.

Ranar da ta kwana uku, da hantsi, Inna ta shigar da ni makewayi wankan jego. Ruwan na tafasa, tana tsoma ganyen bedi, wato dogon yaro, tana fyaɗa mini a baya, sai na ji kuka daga wajen zaure. Ina jin kukanta tun da aka haife ta, amma wannan daban ne. Ya tsaya cak kamar an ɗauke mata numfashi, sannan ya dawo da ƙarfi. Na yunƙura zan tashi, Inna ta danne mini kafaɗa.

“Zamna. Wanzami na.”

Na ɗauka belu ake cire mata. Da na fito na tarar Gwaggo ta riga ta naɗe ta tana jijjiga. Na tambaya ƙasa-ƙasa, kamar ba damuwata ba ce, ta ce angurya aka cire, ɗan abu ne da bai kai ƙwayar auduga ba, in an bar shi yakan toshe mace ta girma ta kasa zaman aure. Belun kuwa wanzami ya ce a bar shi sai ranar suna, don yarinyar ta ɗan zubar da jini fiye da yadda ya saba gani, amma ya cusa garin bagaruwa, zai tsaya.

A makaranta an koya mana illar kaciyar mata, har a jarrabawa na rubuta. Amma a raina abu ne na wasu ƙabilu can nesa. Ban taɓa kawowa a kaina cewa tsohon da ke yi wa Babana aski duk Juma'a, mai ba mu alewa muna yara, shi ma abin da yake yi ke nan ba.

Yinin ranar jaririyar ta yi kuka har muryarta ta dushe. Gwaggo ta ce alamar ƙarfi ce. Washegari ta yi shiru, Gwaggo ta ce ta yi hankali. In an sa mata nono sai ta ja sau ɗaya ko biyu ta saki. Aka ce nonona ne ke da zafi, aka jiƙa mini saiwoyi na sha, ita kuma aka riƙa ɗura mata rubutu da cokali. Matan da ke zuwa barka kuwa sai yaba haskenta suke. Wannan ta ce ta ɗauko Fulanin dangin uba, waccan ta ce kullum ƙara fari take. Maigidana ya zo daga Gusau ya tsaya a zaure, aka kai masa ita a naɗe, shi ma da yake gaban surukai ne bai iya ɗaga zanen ba, fuskar kawai ya kalla. Da ya koma ya kira ni a waya yana dariya, wai ɗiyarsa ta fi ni haske. Jininta ne ke ƙarewa, mu duka muna yi mata barka.

Abubuwa biyu suka tsaya mini a rai. Na lura Gwaggo da kanta take wanke tsummokaran a bayan rumbu, kuma ba ta shanya su a igiyar tsakar gida. Sannan na ji Inna na cewa yau yarinyar nan ba ta jiƙa kowa ba. Hannuna ya sha kaiwa bakin zanen, sai in ji sallama in janye. A ce an kama uwar ɗiyar fari tana kwance ɗiyarta tana dubawa, ai har kasuwar gari sai an ji.

Ana saura kwana biyu suna, bayan la'asar, Gwaggo ta tayar da salla, Inna tana daka a waje. Na jawo yarinyar na kwance ta.

Ba zan faɗi duk abin da na gani ba. Garin maganin ya daskare ya yi baƙi, wurin ya kumbura, jini na tsattsafowa ta ƙarƙashi, ga wani wari. Mararta ta ɗaure tam kamar ganga. Jikinta zafi, ƙafafunta sanyi ƙalau. Na buɗe tafin hannunta na gan shi fari fat kamar takarda. Ban san lokacin da na ɗauke ta na fito tsakar gida ba, ko ɗankwali babu a kaina. Gwaggo ta sallame ta ce, “Ke ɗiyag ga, ina kunyarki ta tahi?” Daidai nan Baba ya shigo daga masallaci, na nufe shi, ni da ko zancen haihuwar ban taɓa yarda an yi a gabansa ina zaune ba, na buɗe masa tafin hannunta. Ya kalla, ya taɓa ƙafarta.

Gwaggo ta ce a bari gari ya waye, rana ta yi sanyi, kuma kowa ya san hanyarmu ba a bin ta da yamma saboda mutanen daji. Ta ce za ta aika wanzami ya kawo wani garin da ya fi wannan ƙarfi. Baba bai ko dube ta ba, ya ce da ni, “Ɗauko mayahinki mu tahi.”

Babura biyu aka samo. Ni da jaririyar a kan ɗaya, Baba da Inna a kan ɗaya. Jikina ɗanye, kowane rami muka faɗa sai na ji kamar za a raba ni biyu, amma ba wannan ke raina ba. Na sa yatsana a ƙarƙashin hancinta ina jin ɗan iskan da ke fita, idona a kan gonakin dawa na gefen hanya, duk motsin kara sai in ɗauka mutanen daji ne. Muka shiga Bungudu ana kiran magariba. Ma'aikacin da ya duba ta a can bai ɓata mana lokaci ba, Allah ya saka masa. Ya ce jini take buƙata kuma ba su da kayan yi wa jaririya ƙarama haka, ya rubuta takarda ya ce mu wuce Gusau yanzu, kada mu tsaya ko shan ruwa. Muka ɗauki shatar mota.

A bakin ƙofar asibitin Gusau muka tarar da maigidana, don tun a hanya aka kira shi a waya. Wurin yankar kati layi ne har waje. Mai bayar da katin, da ya ji abin da ya kawo mu, ya ce da ƙarfi kowa na ji, mu mutanen ƙauye sai mun gama kashe yaro sannan mu kwaso shi mu kawo musu. Ban manta da fuskarsa ba, kuma ban yafe masa yadda Babana ya sunkuyar da kai ba. Amma a wurin nan wata nas mai suna Sista Larai ta zo wucewa, ta ɗaga zanen, ta fizge yarinyar daga hannuna ta ce kati ya biyo mu daga baya. Da ta bar mu a layin nan, da wani labarin nake rubutawa.

Likitar mace ce, ba ta girme ni da yawa ba. Ta yi ta jero tambayoyi: yaushe aka yanka, da me, yaushe rabonta da fitsari, yaushe zazzaɓin ya fara. Ko ɗaya ban sani ba. Ta ɗago ta kalle ni.

“Ke ce uwar?”

Inna na gefena, Baba na bakin ƙofa. Wallahi bakina ya ƙi buɗuwa. Ta sake tambaya, sai Inna ce ta amsa ta ce ita ce. Likitar ta yi mini wani kallo da ba na faɗa ba ne, ta juya ta ci gaba da aikinta. Na gwammace a ce zagina ta yi.

Suka nemi jijiya a hannu suka rasa, a ƙafa suka rasa. Sista Larai ta ɗauko reza ta aske gefen kanta na dama, a nan suka samu. Gashin nan da nake satar kallo ya zube a kan farin ƙyalle. Aka ɗebi jinin maigidana aka ƙara mata, aka sa mata 'yar siririyar roba ta fitsari, abin da ya fito ya fi ƙarfin a ce daga wannan ɗan cikin ne. Kalma ɗaya ta likitar ta manne mini, sefsis. Ta ce ma'anarta ƙwayar cuta ta bi ta ciwon ta shiga jini. Maigidana ya tambaye ta ko za ta rayu, ta ce ba za ta yi masa ƙarya ba, mu yi addu'a mu kuma sayo duk abin da aka rubuta a kan lokaci.

Haka aka yi suna a Kekun Waje babu mai suna. Baba ya koma aka yanka rago, aka raɗa mata sunan Hajiya, uwar maigidana, don haka muke kiranta Ummi. Ta waya na ji. Da rana aka kawo mana soyayyen naman a kwano, na rarraba wa matan da muke jinya tare, ban iya sa ko tsoka ɗaya a baki ba.

Makon farko a baranda muka yi shi, ni da Inna, a kan tabarma. Ummi tana ɗakin jarirai, ba a shiga sai an kira. Nonona ya cika ya yi tauri har zazzaɓi yake sa ni, Sista Larai ta koya mini tatsa a kofi, su kuma su ba ta ta robar hanci. Sauro, warin magani, layin banɗaki, layin biyan kuɗi, layin karɓar sakamakon jini wanda sai ka kai gaba a ce ka dawo anjima. Maigidana yakan je makaranta da safe ya dawo ya yini yana zirga-zirga tsakanin kantin magani da tagar biyan kuɗi. Duk wanda ya fito daga ɗakin jariran sai na bi fuskarsa da kallo.

Gwaggo ta zo da fulas cike da kunun kanwa. Abin da ya fi tayar mata da hankali shi ne na bar wankan jego, ta ce sanyi zai shige ni in kumbura, har ta tambayi Sista Larai inda za ta kafa murhu. Sista ta ce ta kafa a ofishin babban likita, can ne ya fi iska. Matan baranda suka yi dariya, Gwaggo ma ta yi. Amma da aka ba ta izinin leƙa yarinyar, sai aka ga tana kwance bakin zaninta, ashe wani ƙullin gari ta zo da shi daga wurin wanzami. Sista ta karɓe ta jefa a kwandon shara, ta ce in ta sake ganinta a ƙofar nan da ƙulli sai ta haɗa ta da masu gadi. Gwaggo ta fito tana share ido tana cewa ita da ta karɓi haihuwar rabin gari yau ita ake kora kamar mayya. Na ji tausayinta, na kuma ji kamar in shaƙe ta. Har yau haka nake ji.

Hajiya ma ta zo daga Tsafe ganin takwararta, da turmin atamfa da kwalin madara. Na yi zaton za ta yi faɗan yankan. Ashe faɗanta na hannu ne. Ta ce wanzaman ƙauye ba su iya ba, da a Tsafe na haihu da nasu wanzamin ya yi shi tsaf ko ɗigon jini ba za a gani ba, ai duk 'ya'yanta mata an yi musu. Maigidana, wanda ban taɓa jin ya mayar mata da magana ba, ya ce a hankali ko a Tsafe ne ba za a yi ba. Ta ce to, boko ya yi rana. A ranar na gane ba gidan da zan kai Ummi in ce na tsira.

Cikin mako na biyu muka fara murna, an cire robar hanci ta kama nono da kanta. Sai wata safiya ina ba ta, na ji ta sandare a hannuna, idonta ya juye, hannunta ɗaya na karkarwa. Na ƙwalla kira. Suka karɓe ta suka turo ni waje suka rufe ƙofa. Zazzaɓin ne ya dawo. Aka canza mata allura zuwa wata mai tsada wadda babu ita a asibitin sai a cikin gari. Maigidana ya sayar da babur ɗinsa, Baba ya fitar da waken suyan da ya ajiye don iri. A wannan makon ne wata mata 'yar Mada da muke shimfiɗa kusa da juna aka kira ta, aka miƙo mata nata a naɗe har fuska. Ba ta yi kuka a gabanmu ba. Ta naɗe tabarmarta, ta turo mini fulas ɗinta ta ce in riƙe, ita ta gama. Daga ranar duk lokacin da aka kira sunana daga ƙofar nan sai in fara duban hannun mai kiran kafin in tashi.

Da yammacin ranar da Ummi ta yi wannan jijjigar, muna zaune da Inna, na tambaye ta ko ni ma an yi mini. Ta ce duk ɗiyan gidanmu mata an yi musu, ita ma an yi mata. Sannan ta ce ba ni ce ta fari a wurinta ba. Akwai wata kafin ni. Ita ma wanzami ya zo rana ta uku, ita ma ta yi ta yin haske, ba ta kai suna ba. Aka ce iska ce.

“Ban buɗe zanen ba,” in ji ta. “Kuma ba a kukan ɗan fari. Da anka ɗauke ta, daka ni kai.”

Shekaruna ashirin da ɗoriya a duniya ban taɓa jin ina da yaya ba. Na zuba mata kunu a murfin fulas na miƙa mata, ta riƙe bai kai bakinta ba.

Da Ummi ta fara dawowa hayyacinta, likitar ta zaunar da mu ni da maigidana da Inna. Ta ce babu wata cuta da aka haifi yarinyar nan da ita, babu abin da ya toshe, babu abin da ya yi yawa. Naman jikinta ne lafiyayye aka yanka, wuri mai jijiyoyin jini, dab da mafitar fitsari. Ta ce wasu sukan tsira da tabo kawai, wasu sai ranar aure ko ranar haihuwa abin ke tashi, wasu kuma ba a ma kawo su. Ta ce har doka ta hana, amma ita ba da doka take so ta tsorata mu ba. Ta nuna gadon ta ce wannan mutum ce, jikinta nata ne, amana aka ba mu kafin ta yi bakin cewa a'a. Maigidana daga baya ya je ya tambayi malaminsa na unguwa, ya dawo ya ce mini malam ya ce wannan cire anguryar ba farilla ba ce ba sunna ba, kuma abin da ke cutarwa barinsa ake yi.

A mako na uku aka cire robar fitsari. Suka ce in ta yi da kanta za mu iya tafiya, in ta kasa sai an sake dubawa ko hanyar ta taɓu. Na ɗora ta a cinya tun safe ina jira, ban ci ba ban tashi ba. Wajen azahar na ji ɗumi yana bin zanina. Na fashe da dariya ina hawaye, Inna ta toshe bakinta da mayafi don kada guɗa ta kuɓuce mata a asibiti. Aka sallame mu. Likitar ta ce mu riƙa kawo ta ana duba tabon yayin da take girma, don yana iya tsukewa, kuma ba za ta iya yi mini alkawarin yadda zai kasance in ta zama mace ba. Wannan maganar ina kwana da ita ina tashi da ita.

Maigidana ya so mu wuce ɗakina na Gusau. Baba ya roƙe shi ya bari in koma in cika arba'in, don in ban koma ba gari zai ce an ƙwace jego daga hannunsu, ga Hajiya tana ta yaɗa cewa dangina sun kusa kashe mata takwara. Na koma don Baba, don irin da ya sayar.

Ba mu yi mako da komawa ba, wata safiya Inna ta ɗora ruwan wanka, sai ga sallamar wanzami. Ya shigo har tsakar gida da zabirarsa a kafaɗa da kaza a hannu. Ya tsufa fiye da yadda na san shi. Ya durƙusa ya gai da Baba, ya yi barka da arziki, ya ce tun da ya gaji askar nan daga ubansa bai taɓa kwana da baƙin ciki irin na wannan karon ba, kuma na yarda da shi, don muryarsa rawa take. Sannan ya ce ya zo ya cika aikinsa. Ba a yi askin suna ba, ga kan yarinya gefe a aske gefe da gashin ciki kamar marar dangi. Belu ma yana nan, in aka bar shi zai sa ta amai da tari ta ƙi ƙiba. Ya ce ba zai ɗauki lokaci ba.

Maƙwabta mata sun fara leƙowa ta katanga. Baba na zaune a kan buzunsa. Ummi tana kan tabarma a ƙofar ɗaki. Gwaggo ta ce mini ruwa ya tafasa, in shiga wanka, ta sunkuya za ta ɗauke ta.

Na riga ta. Na ɗauki Ummi na saɓa ta a baya na ɗaure da zani na ƙara da majanyi, a gaban Baba, a gaban wanzami, a gaban masu leƙe. Gwaggo ta ce in sauke ta, ba a haka, ɗiyar fari ta kakanni ce, ni ba ni da ta cewa a kanta.

“Ɗiyata ce,” na ce. Muryata ta fito ƙarama, sai na sake faɗa yadda na bayan katanga za su ji. “Ɗiyata ce, Gwaggo. Ni na haife ta. Ba mai sake sa mata ƙarfe.”

Wata a bayan katanga ta yi salati. Gwaggo ta juya wurin Inna ta ce ta ga tarbiyyar Gusau, ta yi wa ɗiyarta magana mana. Inna tana tsugune a bakin murhu. Ta ja itacen waje ta kashe wutar da ruwa, ta miƙe ta zo ta tsaya a bayana, ta gyara wa Ummi wuya a cikin goyon. Ta ce, ba tare da ta kalli kowa ba, “Tawa na ba ku. Wagga a bar mata.”

Ba wanda ya tambaye ta wace tata. Gwaggo ta sani, Baba ya sani, wanzamin ma na ga ya sani, don ya sauke idonsa ƙasa. Baba ya tashi ya shiga rumbu ya fito da damen gero ya ajiye a gabansa, ya ce ga hakkinsa na aski, an yafe aikin. Tsohon ya ɗauki zabirarsa da geronsa ya fita. Kazar ya bar ta.

Ranar Asabar maigidana ya zo da sabuwar reza a takardarta, ya aske sauran gashin da hannunsa, Ummi na kan cinyata, tafina a kan ƙirjinta. Gwaggo ba ta yi mini magana ba har na cika arba'in, ko da yake kullum da safe nakan tarar da kunun kanwa a ƙofar ɗaki, kuma na san hannunta. A gari an sa mini suna marar kunya, yara ma sun iya. Wankan da ya rage kuwa da ƙofar makewayi a buɗe na yi shi, Inna na zaune a bakin ƙofar da Ummi a hannu inda idona ke kai wa.

Yanzu muna Gusau. Ummi tana zama da kanta, tana da haƙora biyu, kuma baƙa ce kamar ni, hasken nan duk ya tafi, alhamdu lillahi. Ina gode wa Sista Larai da likitar da ban riƙe sunanta ba, da mutumin Bungudu, da masu baburan da suka yarda suka bi hanyar nan da yamma, da matar Mada da fulas ɗinta ke wurina har yau. Allah ya ji ƙan nata. Har yanzu in na ji kukan jariri daga wani gida da hantsi sai in bar abin da nake yi in saurara, kuma a yini nakan kwance Ummi in duba fiye da yadda ya kamata, maigidana ya daina hana ni.

Ke mai cikin fari, in za a mayar da ke gida, ki yi maganar wanzami da mijinki da iyayenki tun kina da cikin, da bakinki, kada ki bari sai kina tsirara a bayan tukunyar ruwan zafi. In an miƙo miki jariri a naɗe, ki kwance shi ki duba, ko waye a ɗakin. Za a yi miki dariya a kasuwa. Ni ana yi mini har yanzu, ina jinsu, Ummi tana bayana tana jan ɗankwalina.